Aljihun Mai Guga

Shekara arba'in da shida Mai Guga ya yi bai taɓa tsoma rigar wani a ruwa ba sai ya zazzage aljihunta. Ko rigar jariri ce mai ɗan aljihun ado, sai ya sa yatsa ya laluba. Duk abin da ya fito, makulli ne, tsinken sakace ne, tikitin mota ne, ko wasiƙar da bai kamata matar mai rigar ta gani ba, sai ya ɗora shi a wani farantin tangaran da ke bakin tagar shagonsa. In mai kaya ya zo, sai ya tura masa farantin ba tare da ya dubi fuskarsa ba. Ba ya tambaya, ba ya kuma kai labari gaba. Da mai surutu ne, da rabin auren layin nan ya daɗe da mutuwa.

Shagon ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarƙashin bene. Tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa bargo biyu da farin ƙyalle, dutsen guga na gawayi da na lantarki, sai igiya uku daga wannan bango zuwa wancan. A nan ya tsaya da ƙafafunsa har jijiyoyinsu suka fito raɗa-raɗa, a nan kuma ya ciyar da 'ya'ya uku. Mutum ne marar fara'a sosai, amma in ya fitar wa wando kari, sai ya ɗaga shi sama ya kalla yana ɗan murmushi shi kaɗai.

Yana da wata ɗabi'a ta biyu wadda matarsa ta mutu tana mita a kanta: ba ya tafiya da kayan mutane a hannunsa. Ranar da aka aiko masa cewa ƙaninsa ya rasu, sai da ya tsaya ya goge duk abin da ke kan igiya, ya bi gida-gida ya mayar, sannan ya nufi tasha. Ya isa an riga an binne. Da aka yi masa faɗa, cewa ya yi, “Wanda ya tafi ya tafi. Masu riguna kuma gobe za su fita.” Tun daga nan mutanen layin suka gane, in ka ga Mai Guga yana yawon rarraba kaya shagonsa fayau, to tafiya ce ta kama shi.

'Ya'yansa a cikin kayan mutane suka tashi, sun iya juya aljihu tun kafin su iya rubuta sunansu. Babban, wanda ƙannensa ke kira Yaya, aikin ofis ya kai shi wani gari mai nisa. Mai bi masa, mace ce, aure ya ɗauke ta. Sai Auta, wadda nata auren bai yi ƙarko ba, ta kama ɗaki biyu a hawa na biyu na wani gidan haya, tana aiki a kamfanin sabulu, a layin da ake jera sabulai cikin kwali. Ƙarfe bakwai na safe injin ke tashi, kuma ba ya jiran kowa.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu da shekara biyu, hannun tsohon ya fara rawa. Wata rana jiri ya ɗebe shi yana tsaka da aiki, dutsen guga ya ci masa bayan hannu, ya kuma ci gaban wata farar riga. Ƙunar hannun ba ta dame shi ba kamar ta rigar. 'Ya'yan suka yi shawara ta waya, Yaya ya fi kowa ɗaga murya, kamar yadda na nesa suka saba.

“Ya isa haka,” in ji shi. “Mutane su ce muna da rai ubanmu yana wanke wa wasu datti? Ya huta. Ai ya yi mai wuyar.”

Da kyakkyawar niyya suka yi, wannan kam babu ja. Aka rufe shago, aka ba wani mai gyaran waya. Aka kwaso tsohon da akwatinsa da rediyonsa da farantin tangaran ɗin nan, aka kawo shi wurin Auta. Dutsen guga na lantarki kuwa, da hannunta ta naɗe shi a tsohon zani ta ɗora can saman kabad, inda ko ya hau kujera ba zai kai ba. Yana zaune a bakin gado yana kallonta, bai ce uffan ba. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin yarda.

Hutu ya fara cin Mai Guga kamar yadda gara ke cin ƙyaure, daga ciki. Watan farko yakan sauka ƙasa ya zauna a bakin ƙofa. Na biyu ya daina sauka. Na uku sai Auta ta dawo da yamma ta tarar da shayin da ta haɗa masa da safe ya yi sanyi, burodin ya bushe, shi kuma yana nan inda ta bar shi, ya zuba wa bango ido. Tun kafin gari ya waye yake farkawa, ba ya komawa. In ta tambaye shi me ke ciwo, ya ce babu. In ta tambaye shi ranar me ce yau, ya ce, “Duk ɗaya ne.” Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu har sai da ta huda wa bel ɗinsa sabon rami.

Ta gaya wa Yaya. Ya ce tsufa ne. Ta gaya wa yayarta mace, ta ce haka surukinta ma ya yi, a dai yi ta haƙuri. Kowa ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ba ta ko yini ɗaya.

Auta ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa. Da safe sai ta lallaɓa shi ya wanke baki, ta lallaɓa shi ya ci ko loma biyu, ta ajiye masa magungunansa na hawan jini da na barci a gefen kofi, ta ce, “Baba, ka sha fa,” ya ce to, sannan ta kwasa da gudu. Sau tari tana isa an rufe ƙofar kamfani. Sau biyu maƙwabciyarta, wata malamar makaranta, ta kira ta tana bakin aiki cewa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ta baro layi ta dawo hankali tashe, ta same shi zaune lafiya lau, kawai bai ga amfanin tashi ya buɗe ba. Akwai ranar da ta tsaya a kan matakala da ledar cefane a hannu, ta ji ba ta son ƙarasawa sama. Ta daɗe tsaye a wurin, sannan kunya ta kama ta, ta hau.

Ranar wata Laraba shugaban sashensu ya miƙa mata takarda. Gargaɗi ne na ƙarshe: in ta sake makara ko ta bar layi ba izini, a bakin aikinta. Ta karanta, ta ninke huɗu, ta cusa a aljihun shuɗiyar rigar aikinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Da ta dawo gida ta tuɓe rigar ta jefa a kwandon wanki. Washegari ta tuna da takardar, ta laluba ba ta ji ta ba, ta ce ƙila a mota ta faɗi, can ta matse mata.

Bayan kwana kamar goma sai ga Mai Guga ya canza. Ta dawo ta tarar ya yi aski, ya yanke farce. Washegari ya sauka da ƙafarsa ya mayar wa malamar makaranta lemar da aka aro tun damina. Ya ɗauki rediyonsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ba mai gadin gidan. Ya taka har tsohon layinsa, ya gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya nemi gafarar mai farar rigar nan da ya ƙona. Ya kira Yaya da kansa, ya sa masa albarka, ya sa wa jikoki. Kayan sawarsa kuwa ya ninke su tsaf ya jera a akwati, kowace riga hannunta a baya, yadda yake yi wa na mutane.

Auta ta yi murna har da ƙwalla. Ta kira 'yan'uwanta ta ce, “Baba ya dawo hayyacinsa.” Yaya ya ce, “Ban gaya miki ba? Ke dai kin cika tsoro.” A satin nan ba ta makara ko sau ɗaya ba.

Ranar hutunta da hantsi ta fito da baho baranda za ta yi wanki. Ta ɗauko rigar da ya cire jiya, hannunta ya shiga aljihu da kansa, don ita ba ta ma san ta yi ba. Ta ji wani ƙulli. Hankici ne an ɗaure bakinsa tamau. Ta kwance. Ƙwayoyin magani ne, farare da masu ruwan hoda, waɗanda take ajiye masa kowace safiya tana cewa ya sha, yana cewa to. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, tari guda.

Da farko haushi ne ya zo mata, ta ce wato duk wahalar nan ashe ba ya sha. Sai kuma ta tsaya. In ba ya so, ai zubarwa zai yi. Me ya sa yake tarawa? Idonta ya kai kan ƙofar malamar makaranta, ta tuna lema. Ta tuna rediyo. Ta tuna akwatin da aka jera, da mai farar riga. Ta ga shagon ƙarƙashin bene a ranar rasuwar kawunta, igiyoyi uku babu ko hankici a kansu. Ta zauna a bakin bahon, ruwa ya jiƙa mata zani ba ta ji ba.

Ta same shi a ɗaki, zaune a bakin gado, sanye da rigarsa mai kyau. Ta ɗauko farantin tangaran daga kan taga, ta ɗora hankicin a buɗe, ta tura gabansa yadda ta ga yana yi tun tana yarinya. Ya duba, ya kau da kai. A ƙa'idar gidansu nan maganar ta ƙare, mai kaya ya ɗauki abinsa, ba tambaya. Auta ta durƙusa a gabansa ta karya ƙa'idar.

“Baba, ina za ka?”

Ya mayar da idonsa kan bango.

“Na ga ka mayar wa kowa kayansa. Ina za ka? So kake ka kashe kanka?”

Ta zaci zai daka mata tsawa. Maimakon haka sai ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya fito da wata takarda da aka ninke huɗu, ya ɗora a farantin kusa da hankicin. Ta gane ta tun kafin ta taɓa.

“A aljihunki na gani,” ya ce. “Ba bincike na yi ba, Auta. Hannun ne ya saba.”

“Baba…”

“Za su kore ki saboda ni. Ina jin ki a matakala, kina tsayawa kafin ki shigo. Ni ban taɓa zama kaya a wuyan kowa ba. Yanzu me nake yi? Na ci, na zauna, na jira ki dawo ki gaji.” Ya share baki da bayan hannunsa mai tabon ƙuna. “Na ga in na kauce, kin huta.”

Ta so ta ce ba ta gaji ba, amma ba a yi wa mutumin da ya shekara arba'in yana ganin cikin aljihun mutane irin wannan ƙaryar. Ta ce, “Na gaji, Baba. Wallahi na gaji. Amma in ka yi wannan, ba hutu ka ba ni ba, kashe ni ka yi da sauran kwanana.” Ta kwashe hankicin ta cusa a jakarta, ta leƙa ta ƙwala wa malamar makaranta kira ta nemo musu mota. Ba ta yarda ta bar shi shi kaɗai ba ko na ɗaukar mayafi.

A sashen gaggawa suka yini a kan benci, tsakanin mai karaya da mai haki. Da layi ya zo kansu, nas ta tambaya me ke damunsa, Auta ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta buɗe hankicin. Nan da nan aka shigar da su. Likitar wata mace ce da alama ita ma tun safe ba ta zauna ba. Ta ja kujera har gwiwarta ta kusa taɓa tasa, ta yi masa tambayoyi kai tsaye, ba kwana-kwana: tun yaushe yake wannan tunani, ya sa rana, ya taɓa gwadawa. Tsohon da ya yi wata uku bai buɗe wa 'ya'yansa cikinsa ba, ya buɗe baki ya ba baƙuwa amsa. Ya ce ya sa rana. Jibi ne.

Likitar ta fito da Auta waje ta ce mata wannan ba tsufa ba ne, ciwon damuwa ne mai tsanani, yana kama tsofaffi fiye da yadda ake zato, kuma ana maganinsa. Ta ce sauƙin da aka ga ya samu kwatsam shi ne abin tsoron, don wani in ya gama yanke shawara sai ya ji sakayau. Za su riƙe shi kwanaki. Sannan ta tambaya, “Da rana me yake yi a gida?”

“Hutawa,” in ji Auta.

“Kafin nan fa?”

“Guga. Shekara arba'in da shida.”

“Shi ya ce ya gaji da ita?”

Auta ta tuna shi zaune a bakin gado yana kallonta tana ɗora ƙullin zani a saman kabad.

Da ta kira Yaya, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, “Wane sashe kika ce? Na masu taɓin hankali? Auta, kin san abin da mutane za su ce? Baba da ba ya wasa da ibada?”

“Yaya,” ta ce, “mutanen nan da kake tsoro, saboda su muka ƙwace masa dutsen guga. Jibi da gawarsa za ka zo ɗauka. Ka zo ka zauna da shi sati biyu, in je in roƙi aikina. In ba za ka zo ba, kada ka sake ce mini in yi haƙuri.” Ta kashe wayar. Tunda aka haife ta ba ta taɓa kashe masa waya ba. Ya iso washegari da yamma, idanunsa jawur, bai tayar da maganar ba, ita ma ba ta tayar ba.

Kwana goma sha biyu Mai Guga ya yi a asibiti. Kamfani suka bar Auta ta ci gaba da aikinta bayan ta kai takardar likita, amma suka mayar da ita layin da ya fi kowane tsayuwa. Yaya ya yi sati biyunsa ya koma, da alkawarin shi da yayar Auta mace za su riƙa karɓa-karɓa. Suna zuwa, ba kullum a kan lokaci ba.

Kada wani ya ce tsohon ya warke sarai, don bai warke ba. Akwai ranakun da yake tashi da nauyi, ya ƙi magana har azahar. Magunguna yanzu suna cikin wani ƙaramin akwati mai kwaɗo, makullin yana wuyan Auta, kuma ba ta fita sai ta ga ya haɗiye ya buɗe baki. Shi abin yana ƙona masa rai, ita ma haka. Duk wata suna komawa wurin likita, su yini a benci.

Amma ta sauko da ƙullin zanin daga saman kabad. Ta sa aka rage wa wani tebur ƙafa don ya yi aiki a zaune, ta shimfiɗa bargo biyu da farin ƙyalle. Ranar farko awa guda ya yi a kan shuɗiyar rigar aikinta, karin hannun ya fito a karkace. Ya ɗaga ta sama ya kalla ya yi tsaki, ya yayyafa ruwa ya sake.

Daga nan Auta ta ɗauko wani sabon aiki a kan wanda ya riga ya yi mata yawa. In ta taso da yamma, ƙafafunta kamar ba nata ba, sai ta bi ƙofa-ƙofa a gidan hayar tana karɓo kayan guga. Rigunan malamar makaranta, kakin mai gadi, zanin gadon mutanen ƙasa. Tana lura sosai. Ba ta taɓa bari igiyar da ta ɗaura a ɗakinsa ta zama fayau. Kafin ya gama na wannan, ta shigo da na wancan, ko da kuwa sai ta roƙa, ko da kuwa kayan ba su wani yamutse ba.

Wata safiya tana sauri, bakwai saura kwata, ta ba shi magani ta juya za ta fita, ya kira ta.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

Ya nuna tarin kayan da ke gefen tebur da haɓa. “Wannan kakin mai gadi, shekaranjiya na goge shi. Ko sawa bai yi ba, da hannu aka cukuikuye shi. Kin zaci ban san bambanci ba?”

Ta tsaya riƙe da ƙofa, ba ta musa ba.

“Na gane abin da kike yi,” ya ce.

“Na san ka gane.”

Ya jawo kakin, ya sa yatsu biyu a aljihun hagu, ya sa a na dama, ya shimfiɗa shi a kan bargo ya shafe da tafin hannu. Bai ɗago ya dube ta ba.

“Na malamar nan ba zan gama ba sai jibi,” ya ce. “In kin taso, ki biya ki karɓo wasu.”